Barci ya ɗauke ni ranar taka burtali

Malam, ka taimake ni don Allah. Ban saba kai kukana wurin kowa ba, kuma da Sha'ibu mai koyar da yaƙi da jahilci bai rantse mini zai riƙe bakinshi ba, da ba ka ji ni ba. Ni ke faɗa, shi ke rubutawa. Ban yi lakwal, makarantar boko, ba, allon ma ban yi nisa ba, sai abin salla. Kada ka sa sunana.

Abin da na sani ƙasa ce. Tun ina saurayi nake bin ubana in za a taka iyaka, kamar yadda shi ma ya bi nashi uban. Na san inda kowace gona ta tsaya a garinmu, wa ya dasa gamba, wa ya binne dutse. Na san burtalin da dabbobi ke bi daga arewa su gangara rijiya, da faɗinshi tun ba a yi hanyar mota ba. In rigimar gona ta tashi, maigari ba ya buɗe baki sai an kira ni. Har gaban sarki a Illela an kai ni, ban yi tuntuɓen suna ko ɗaya ba.

To, bayan yunwar nan da ta wuce, zazzaɓi ya kwantar da ni da kaka. Zazzaɓin ya tafi, jikina bai komo ba, yau shekaru ke nan. Gajiya ce wadda ba ta aiki ba. In na taka zuwa masallacin Juma'a, ranar ba na jin komi, amma washegari da jibi sai ka ce an ɗaura mini buhun gero a kowace ƙafa. An kai ni likita a Ƙwanni, sunka duba jini, sunka ce ba su ga komi ba. Na sha rubutu. Akwai masu cewa jifa ne, ni dai ban zargi kowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai barci ne. Mai gajiya ai barci ya kamata ya ɗauke shi. Ni sai in kwanta ido biyu, in ya zo ma guntu-guntu, in tashi da asuba kamar wanda ya kwana noma. Da rana kuwa sai ya same ni inda ba a so. Don haka goro ba ya barin bakina, bayan magariba kuma ina zama shayi da makiyaya har kofi na uku. Ba zan ɓoye maka ba, na sa an sayo mini ƙwayar nan ta 'yan tebur da 'yan ƙwadago ke sha don ƙarfi. In duk sun sake ni bayan la'asar, sai in zube har kiran magariba.

Ga abin da ya faru. Bara wani manomi, Hamani, ya shigar da shukarshi cikin burtali, makiyaya sunka kawo ƙara, maigari ya sa ranar takawa da ranin nan. A wurinmu mai shaida ke gaba, jama'a na baya, inda ƙafarshi ta bi nan ake kafa turke. Barira matata ta ce in hau amalanken jaki. Na yi mata faɗa, na ce ubana bai taɓa taka iyaka bisa jaki ba, ba a kaina za a fara ba. Munka taka tun safe har rana ta zo tsaka. Anka zauna gindin gawo don in jero asalin gonakin da ke gefe, kamar yadda aka saba. Na fara lafiya lau. Da na zo kan kakan Hamani, mutumin da na ci tuwo a gidanshi, sunan ya ɓace mini. Na rufe ido in nemo shi.

Malam, da na buɗe ido inuwa ta gusa, carbina na ƙasa, yawu a gemuna. Rabin mutane sun tashi. Wani dattijon makiyayi ya rataya mayafinshi a sanda yana tare mini rana. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Maigari ya ce a ɗage sai gab da ruwan shuka.

Tun ranar ban fita dandali ba. A gida nake salla, na ce gwiwa ke ciwo, alhali ƙarya ce, da furfurata. Dangin Hamani na yawo da cewa kan tsoho ya tafi, a kira 'yan buro, ma'aikatan gwamnati, daga Illela su auna da igiya. Me za su auna? Ba su san inda hanyar dabbobin ta bi ba. In burtalin nan ya tsuke, shanu za su faɗa hatsi da damina, kuma na ga abin da ke biyo bayan haka da idona, ba na son jikokina su gani.

Ba ƙwaya nake nema ba. Ka gaya mini yadda zan samu barcin kirki kaina ya komo kafin ranar. Amma kada ka ce in bar wa wani, wannan ba zan ji ba.

Tsoho daga gefen Tajaye

AMSA

Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ya same ka gindin gawo ciwo ne, ba taɓuwar hankali ba. Wanda kansa ya tafi ba ya tsara wasiƙa irin wannan. Akwai gajiyar da kan biyo bayan zazzaɓi ta zauna shekaru, a duba jini ba a ga komi ba, kuma alamarta ita ce wadda ka faɗa da bakinka: a yi wahala yau, jiki ya rama gobe da jibi, barci ba ya wartsakarwa, suna ya ɓace a baki. Duk da haka ka koma likita sau ɗaya a sake duba ka, ko akwai ƙarancin jini ko wani ciwon da ke ɓoye, ka kuma gaya masa ƙwayar da kake sha.

Ƙwayar nan ka rabu da ita. Ƙarfin da take bayarwa da rana, daga barcin dare take ɗebo shi. Goro kuwa kada ka yanke shi lokaci guda, kai zai yi ciwo. Ka rage a hankali, ya tsaya da safe, daga azahar ka sallame shi. Zaman shayi ban ce ka daina ba, zumunci ne, amma a zuba maka zoɓo ko madara mai ɗumi.

Babban ɓarawon darenka barcin la'asar ne. Ka mayar da shi ƙailula gajeriya kafin azahar, Inna Barira ta tashe ka ko ka yi mata faɗa. Sauran yini in gajiya ta zo, ka jingina ka huta tun ba ta kayar da kai ba. Ka ci abincin dare da wuri, mara nauyi, ka watsa ruwan ɗumi, ka kwanta bayan isha'i kullum a lokaci ɗaya, cikin gidan sauro, inda iska ke shiga, ba rediyo. In barci ya ƙi, kada ka yi kokawa da shi. Ka zauna ka ja carbi a hankali sai ido ya yi nauyi. Bayan asuba ka zauna waje hasken safe ya same ka. Ba zan yaudare ka ba, wannan ba ya warkar da gajiyar, kuma sai an yi makonni kafin a ga bambanci. Amma yakan gyara dare, kai ya fi washewa da hantsi.

Yanzu maganar da ba ka so. Dangin Hamani sun yi kuskure a kanka, amma tsoron jama'a ba laifi ba ne: zaman lafiyar gari yana cikin kan mutum ɗaya, mutumin kuma ba shi da lafiya. Inna Barira ma gaskiya ta faɗa. Mahaifinka ya taka da ƙafa don yana da ƙafar. Kai tafiyar ce ta cinye ƙarfin da za ka yi magana da shi.

Ka je wurin maigari da kanka, ka faɗa masa ciwon da sunansa, ka bar zancen gwiwa. Ka roƙi a raba takawar, kowace safiya yanki ɗaya, a tashi tun rana ba ta yi zafi ba, da hutu a tsakani. Amalanke ya kai ka, ka sauka a kowace shaida ka ɗora ƙafarka, a kafa turke. Al'ada ba ta karye ba. Asalin gonaki kuma ka jero shi da farko, ba bayan wahala ba. Ban ce ka bar wa kowa ba. Na ce ka zaɓi mutum biyu, manomi da makiyayi, su tsaya kusa da kai suna maimaita abin da ka faɗa, yadda in suna ya ɓace akwai mai miƙo maka. Kai ma a bayan wani ka koya.

Ka fito salla cikin jama'a tun gobe, Baba. Kowace ranar da ka ɓuya, masu cewa a kira 'yan buro ƙara ƙarfi suke yi. Allah ya ba ka barci mai daɗi, ya sa a kafa turakun nan lafiya kafin ruwa ya sauka.