Geron Yari

Litinin, 5 ga Nuwamba, 1984
Bana ko dami goma ban ɗaure ba. Duk da haka dattawan garinmu Kurawa sun ce ba za a fasa zuwa kokawar garin Turba ba. Yari ɗan Habi ne zai kama mana, shekararsa sha takwas. Kamar yadda aka saba, kowane gida ya kawo abin da ya sauwaƙa don a ciyar da ɗan kokawar gari. An tara buhun gero guda, aka ajiye a ɗakina, wai ni tsohon ɗan kokawa ne, kuma mai amana. Kullum in auna wa Inno tiya ɗaya, ta dama masa fura, ta tuƙa tuwo. Tsohuwa ce, ba ta da kowa, amma hannunta da albarka.

Lahadi, 11 ga Nuwamba
Kwana biyu yarana na cin ganyen tafasa zalla. Na ɗebi rabin tiya daga buhun Yari. Aro ne.

Laraba, 14 ga Nuwamba
Na sake. Tani matata ba ta tambayi inda na samo ba. Da ma ta tambaya.

Talata, 20 ga Nuwamba
Tiyar da nake kai wa Inno ta daina cika. Yau ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, "Labbo, Allah shi ƙara rufin asiri." Shi ke nan. Da yamma a dandali Yari ya kama sau biyu kacal ya zauna yana haki. Ya ce, "Baba, ƙafafuna rawa suka yi, ban san mi yas same ni ba." Ni kuwa na sani. Na ce masa ragwanci ne, ya ƙara himma. Ni, da bakina!

Asabar, 24 ga Nuwamba
Turba. Ko kiɗa bai yi zafi ba aka ɗaga Yari aka nana da ƙasa. Yaron da bara ya kayar da ƙarti uku. A hanyar dawowa ya durƙusa a gabana yana neman gafara, wai ya ci geron mutane a banza. Na kasa duban idonsa.

Litinin, 26 ga Nuwamba
Magana ta bazu wai Inno ce ke rage hatsin tana sayarwa. Alhassan mahauci ya faɗa a gabana, ni kuwa sai gyara hula nake yi. Mata sun daina gaishe ta a bakin rijiya, ita kuma ba ta tona ni ba. Yari ya ce ya bar kokawa. Kunyar kaina nake ji.

Alhamis, 29 ga Nuwamba
Ban ce wa kowa za ni yi magana ba. Na dai je wurin liman na roƙi gobe in an idar da Juma'a kada jama'a su watse. Na kuma aika wa Yari ya zauna a sahun gaba. Liman ya tambaye ni wa ke da jawabin. Na ce in ya waiwayo zai ga mutumin a tsaye.