Robobi Masu Kunne Huɗu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Tunda ka ce in na kira ka a waya kamar daga cikin rijiya nake magana, ga takarda a cikin kular abinci, direban motar safe zai miƙo maka.

An ƙara mana aiki a ɗakin wanki na otal, hutuna ya koma kwana ɗaya cikin wata guda. In na hau mota na zo wurinka babu girki, in na yi girki babu zuwa. Na zaɓi girki, sai bayan wata uku za ka gan ni.

Roba talatin ce, ta wata guda: shinkafa da wake, shinkafa da miyar kaza, taliya da kifi. Kazar ba ta a zo a gani ba ce, baya ne da wuya da fukafukai, su ne masu araha, kuma romonsu ya fi. Tumatir sai da na jira yamma, lokacin da masu shi ke neman kai da shi. Albasa buhu ɗaya muka raba mu uku a wurin aiki. Ban sa dankali ba, in ya daskare ya narke sai ya koma kamar soso.

Tsofaffin robobin botar nan duk sun tsage, na zubar. Na dace da wani shago da zai rufe, na kwaso sababbi a rabin kuɗi, masu kunne huɗu da ke kulle murfi. In ka danna sai ka ji ƙas, ko iska ba ta shiga. Ka jera su a firiza, kullum da safe ka sauko da ɗaya ta narke. Wadda ta narke kada ka mayar. Ka wanke ka dawo min da su, ba ni da wasu.

Ka tuna alkawarinmu bayan rasuwar Mama. Ka ce a bar ka da ɗakinka da bencin aikinka, na ce na yarda muddin kana iya ciyar da kanka. Ranar da ka kasa, zan zo in ɗauke ka ko kana so ko ba ka so.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ƙafa ce kawai take gulmata da matakala.

Abinci ya iso, Allah ya yi miki albarka. Miyar nan hannun uwarki sak, sai dai ita ba ta rowar gishiri. Wuyan kaza kuma na ci har na fara jin zan yi cara.

Robobinki na gani. Shekara arba'in da biyar ina kafinta, ban taɓa yin ƙofar da ta kai murfin nan riƙo ba. Wanda ya ƙera shi ya san aikinsa.

Ga goma sha ɗaya na wanke na sa a kula. Sauran suna nan, za su biyo baya. Batun alkawari kuma ba sai kin riƙa buga min shi kamar ƙusa ba, ya shiga tun bugun farko.

Mahaifinki

*

Baba,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Ni dai raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Wata biyu ke nan. Roba sittin na aiko, goma sha bakwai suka dawo. Sauran fa, ƙafa suka yi? Wancan watan sai da na koma shagon na kwashe ragowar, yanzu an rufe shi, na ƙarasa da aron na abokiyar aikina.

Na san halinka. Abokan zamanka na bakin shagon Tela, kowa ya zo ka miƙa masa roba ya wuce gida da ita. Ba na hana ka alheri, amma ka san yadda abincin nan yake zuwa? Ranar hutuna tun safe nake tsaye. Tukunya uku a kan murhu mai baki biyu. In jira ya huce, in zuba, in bar gurbin yatsa a sama don miya tana kumbura in ta daskare, in rubuta kwanan wata a jikin kowace. Ƙafafuna har kumbura suke yi. Ni kaina ƙanzon tukunyar nake ci a ranar. Duk wannan don wani ƙato ya lashe ya riƙe min roba?

Direba ya ce ka rame. Na ce masa mutumin da ke da abincin wata guda a firiza ba ya ramewa sai in rabarwa yake yi. Ga rubutunka ma ya zama kamar kaza ta taka tawada, ka daina rubuta min a tsaye.

Ka yi haƙuri in na yi zafi. Amma a dawo min da robobina.

Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Tabarauna ya shige wani wuri, shi ya sa na sa Tela ya rubuta. Faɗanki ya iso, ya fi abincin zafi. Ba wanda na ba robarki. Ki ƙara haƙuri, za a san yadda za a yi. Allah ya yi albarka.

Mahaifinki

Ƙari daga ni Tela, maƙwabcinsa. Bai san na rubuta wannan ba.

'Yata, ki gafarce ni da shiga abin da ba a sa ni ba. Tabaransa na nan a aljihunsa, ina kallonsa. Hannunsa na dama ne ya ƙi. Yatsun ba sa damƙa, biro ma zamewa yake yi. Na hagu kuwa kin san zarto ya cinye rabin babban yatsan tun kina goye. Kunnuwan robar nan sun gagare shi.

Da farko yakan leƙo shagona da roba a hannu, ya ce, "Tela, zo ka ga fasaha, ɓalle wannan ka ji ƙara." Sai in ɓalle, mu yi dariya, ya tafi. Haka ya yi wa mai burodi, haka ya yi wa mai gyaran takalmi. Su ne goma sha bakwai ɗin da suka dawo miki. Da ya ga wasan ya tsufa, sai ya daina zuwa.

Shekaranjiya da hantsi na ji shi yana kirana, abin da bai saba ba. Na same shi a bencin aiki. Ya ɗaure roba a abin matse katako yana yanka ta da zarto tun tana daskare, zarton ya goce ya same shi a tafin hannu. Na kai shi an yi ɗinki huɗu. A ƙarƙashin benci akwai buhu, na ƙirga yankakkun robobi goma sha huɗu, duk ya wanke su tas. Sauran suna firiza ba a taɓa ba. Ya ce in ya yanka, garin roba yana zuba a abinci, ga shi kuma yana yi miki ɓarna, don haka kwana biyu shayi da burodi, rana ta uku ya yanka ɗaya.

Na ce me ya hana ka faɗa mata? Ya ce, "Yarinyar nan ba ta magana biyu. In ta ji, na bar bencin nan ke nan." Ya sa ni in yi shiru, ni kuwa ba zan iya ba. Yanzu kullum da safe ina shiga in ɓalle masa ɗaya. Likitan da ya yi ɗinkin ya ce a kawo shi a duba hannun tun da wuri, ya ƙi.

Ki huta lafiya.
Tela

*

Zuwa ga Baba Tela,

Ina gaisuwa da girmamawa. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

A bakin tasha na karanta takardarka, ban san lokacin da na zauna a kan kular ba. Na yi kuka har direba ya tambaya ko rasuwa aka yi. Ina ta murna na yi arha, ashe ƙofa na kulle masa da abinci a ciki. Na kuma bi shi da faɗan roba. Zarton nan ni na sa masa a hannu da bakina.

Ban san abin yi ba. Ɗakina ɗaya ne a hawa na huɗu, ko guduma ba wurin ratayewa. In na kawo shi nan, zama zai yi yana kallon bango har ya ƙare. In na bar shi, gobe ban san me zai yanka ba. Tsoro nake ji ta kowane gefe.

Kada ka gaya masa na sani. Ga tasa takardar a ciki.

'Yarka, Auta

*

Baba,

Bayan gaisuwa. Ka manta da zancen robobi, na gano murafen ba su da kyau, wari suke sa wa abinci. Wannan karon na zuba ba murfi, leda na rufa a sama na naɗe, ja ɗaya za ka yi ta fita. Waɗanda ke firiza Baba Tela zai cire musu murafen ya zubar. Na ƙara gishiri kaɗan.

Ka yafe min takardar da ta wuce.

Auta

*

Auta,

Da hagu nake rubutu, ki karanta a hankali.

Na shinshina murfin, ba ya wari. Uwarki ma ba ta iya ƙarya ba. Tela kuma na ga idonsa.

Na ja leda, na ci, na ƙoshi. Ga roba tara na wanke, ba wadda ta ji ciwo.

Hannun dama ya tafi, ban san ko zai dawo ba. Ranar hutunki kada ki yi girki, ki hau mota ki zo mu je wurin likita.

Alkawari na yi miki, kuma na kasa. Na sauko da jakata na ajiye a bakin ƙofa, ban sa komai a ciki ba. In kin zo, ke za ki ce a cika ta ko a mayar da ita kan kabad.

Mahaifinki