Gawayi a Hancin Ɗan Durwa

Zuwa ga Yaya Ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ina rubuto maka daga garken tumakin nan na Ka'akiyya a Makka, inda ka bar ni tun ranar da aka kama ka ba iƙama, takardar izinin zama, aka mayar da kai gida. Da gangan na sa wasiƙar nan a fili, kowa ya karanta.

Duk sanda ka kira ka tambayi Durwa, karyar da ka yi rainonta don gadin garke, sai in ce tana nan lafiya. Ba gaskiya nake faɗa maka ba, Yaya.

Ka san ni da ƙyamar kare. In ta shinshini ƙafata, wanki bakwai nake yi har da ƙasa, kana gefe kana dariya. Shekara huɗu muna garke ɗaya ban taɓa duban fuskarta da kyau ba. Amma da ka samu waya kafin a sa ka jirgi, ba ka yi zancen kayanka ba. Cewa ka yi, "Durwa amana ce, Sale."

Sanyin farko bayan tafiyarka, hancinta ya fara koɗewa. Baƙin nan ya koma ja-ja, tsakiyarsa fari kamar naman da aka wanke. Da na gani na kau da kai. Mai garke ya zo ya ce albaras ne, babu mai sayen rago a inda kare ke da albaras. Masu saye suka riƙa toshe hanci, su da ke tsaye cikin kashin tumaki har idon sawu. Tir! Ba wanda ya ce a kira likitan dabbobi, ni ma ban ce ba. In faɗa maka gaskiya, daɗi na ji da aka ba ni dalili.

Na sa ta a bayan a-kori-kura da rana tsaka, na yi nisa da gari, na jefa mata ƙashi, na ja mota. Ta biyo ni da gudu har ƙura ta rufe ta. Tana shayarwa a lokacin. A cikin 'ya'yanta ɗaya ne ya rayu, shi ma don wata tunkiya ta yarda da shi.

Bana da sanyi ya shigo, sai ga hancin ɗan nata ya fara irin na uwar. Na rasa yadda zan yi. Na daka gawayi na kwaɓa da mai, kullum da safe in shafa masa kafin mai garke ya iso. Da tsinke na fara. Ya ƙi tsayawa, dole na koma yatsa. Ni, Sale, da yatsana a hancin kare, yana lashewa ina ƙarawa. Da kana nan da ka yi dariya har ka faɗi.

Da zafi ya dawo, wata safiya na goge gawayin jiya don in sa sabo, sai na tarar hancin baƙi ƙirin da kansa. Na goga, na sake gogawa. Na tambayi likitan da ke zuwa yi wa tumaki allura, ya ce wannan ba ciwo ba ne. Wasu karnuka haka suke, hanci ya koɗe da sanyi ya dawo da zafi. Bai ko ɗaga kai daga ragon da yake riƙe ba.

Watau Durwa wata uku kawai take buƙata daga gare ni. Kai ka sha ganin haka a fuskarta, na sani, don kai kana dubanta. Na koma wurin da na yar da ita sau biyu, ban ga komai ba sai duwatsu.

Har yau ina wanke hannu sau bakwai in na taɓa ɗan nata, amma yanzu ba shi nake ƙyama ba.

Allah Ya ji ƙan bayinSa marasa baki, Ya yafe mini, Ya sa kai ma ka iya. In ka kira jibi kamar yadda ka saba, kada ka tambaye ni ita, Yaya. Ka zage ni kawai, zan ɗauka.

Ƙaninka da ya ci amana,
Sale