Ba Ni Na Taka Birkin Ba

Zuwa ga Yaya Salbiah,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mutanen tsibirinmu Cocos? Ina fata gwiwar Mama ta yi sauƙi, mijinki kuma ya fara kamo kifin da ya fi ɗan yatsa.

Ni lafiyata ƙalau a nan garin Port Hedland, har ƙiba nake yi, don an dakatar da ni daga aiki. Kin san babbar motar kamfaninmu ita ke tuƙa kanta, nawa in zauna a ciki in sa ido. Ranar Talata ta ga inuwar gadar sama ta ɗauka wani abu ne a hanya ta ja birki, abokin aikina Trevor da ke binmu a ƙaramar mota ya afka mata, ƙugunsa ya karye.

Kamfani ya ce motarsa ba ta kuskure. Ogana Mick ya ce, “Hazman, kai da ka sa min ƙadangaren roba a abinci? Wasa ka yi da birkin, shaƙiyyi.” Na ce, “Oga, a tambayi motar mana.” Ya ce, “Mota ba ta zuwa kotu, kai za ka.” Ita motar tuni ta koma aiki. Ni an hana ni barin gari sai an yi shari’a, sallar bana ba da ni ba. Ki ce wa Mama aiki ne ya riƙe ni.

Don Allah ki roƙi Liman Sofian da ya karantar da ni ya rubuto wa alƙali cewa ni natsattse ne. In ya ce ba zai yi ƙarya ba, to ya rubuta cewa ban taɓa wasa da ran mutum ba. Wannan dai ya sani.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Hazman