Hannun Sule

Talata, 2 ga Rajab 1343
An kawo ɗana Sule gida, unguwar Yakasai, a kan amalanke. Bututun tukunyar jirgin ƙasa da ya gyara ne ya fashe wajen gwaji, tururi ya dafa masa hannu biyu da gefen fuska. Matarsa Tani ta kasa kallo.

Juma'a, 5 ga Rajab
Ban hura wutar maƙera ba. Ban iya ba.

Talata, 9 ga Rajab
Baffa, abokin aikinsa a tasha, ya zo dubiya da guntun bututun, don na roƙe shi. Na juya shi a rana. Wurin da Sule ya haɗa yana nan daram. Gefensa ne ya tsage, inda wuta ta lasa ba ta narkar ba. Cikin karayar fari, ɓarje-ɓarje kamar gishiri. Na ɗan taɓa shi da guduma, ya ɓalle kamar kasko. Baffa ya ce sau da yawa ana mayar da bututun nan wuta, ƙarfen ya gaji.
Na nuna wa Sule, na ce aikinsa bai ci amanarsa ba. Ya juya fuska bango.

Lahadi, 14 ga Rajab
Ya yi magana yau. "Baba, wa zai ɗauki maƙerin da ba ya riƙe guduma?" Na ce Allah na nan.

Laraba, 1 ga Sha'aban
Ciwon ya kame, amma yatsun sun ƙandare. Tani ce ke ba shi tuwo a baki. Jirgi ya yi kuka da hantsi, na ga kafaɗarsa ta motsa.

Alhamis, 16 ga Sha'aban
Na koma aiki, manoma na jiran fartanya kafin damina. Sule ya fito ya zauna a bakin rumfa, ba wanda ya kira shi. Zan tsoma ƙarfen fartanya a ruwan kwatarniya sai na ji ya ce, "Dakata, Baba. Bar shi ya ɗan huce tukuna, kar ya yi gautsi."
Tun ba a haife shi ba nake wannan aiki. Na dakata.
Gobe zan shimfiɗa masa buzu kusa da wutar. Don ya fi inuwa ne kawai.