Baitin da Kika Ƙi Amsawa

Etenesh, hasken idona, furen Maskal mai lulluɓe tuddan Gondar bayan damina, zumar da ta ƙona mini harshe!

Shekara bakwai ina goga miki masinko, gogenmu na gida mai tsirkiya ɗaya, tun daga gidajen waƙar Gondar har wannan Rotterdam da ruwan samanta ba ya gajiya. Na san numfashinki fiye da nawa: in kin ɗaga kafaɗar hagu, sama muryarki za ta hau, sai in riga ki can in jira. Kin tuna hunturunmu na farko a nan, da tsirkiyata ta tsinke, muka je gonar wani Bature roƙon izgar doki? Kika yi ta dariya har kika zauna a laka, kika ce ko a kabari ni zan goga miki.

Yau ga ki da wani Bature ɗan Holan mai na'urar kiɗa, ga ni ina jera faranti a gidan abincin Gash Bayu.

Allah ya sani, wannan na haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne bikin 'yar Etiye Askale. Ke kika koya mini cewa duk wanda ya jefo wa mawaƙiya baiti daga cikin taro, dole ta cafe ta rera, ko mashayi ne. Kin rera na direban tasi mai tsokanar surukarsa. Kin rera na Gash Bayu mai yabon tumbinsa. Sai na ajiye tire na ɗaga murya: "Mai gogenki na nan, yatsunsa ba su mutu ba."

Kin ji. Na ga kafaɗar ta ɗaga, na ga ta sauka. Kika juya kika ce Baturen ya ƙara sauti. Gaban mutum ɗari biyu, Etenesh! Gash Bayu ya dafa ni, wai baitina ba gishiri, in je in kwashe kwanuka.

Me na yi miki, tauraruwar asubata? Yaushe na zama ƙasa da mashayi?

An ce ƙarshen wata za ki ƙaura Amurka, kuma Lahadin nan za ki yi waƙa a walimar baftisma a gidan abincinmu. Ba na roƙon ki tafi da ni. Zan tsaya bakin ƙofar kicin in sake jefo baitin nan, ba ragi ba ƙari. Ki amsa, ko da za ki mai da ni abin dariya ne. Dariyar zan iya ɗauka, shirun ne ya fi ƙarfina.

Naki, ko kin rera ko kin ƙi, har ƙasa ta rufe idona,
Wubshet