Sun ce in sa hannu in bar wa ƙanena gonar zaitun

Anti Radojka,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Kada ki buga sunana, ƙauyenmu na saman garin Bar ƙarami ne, kowa ya san kowa.

Shekarata arba'in da tara. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni ce babba, sai ƙanena Vukota. Mama ta sha ba ni labari tana dariya, wai ranar da aka haife ni Baba ko kofi bai sha ba ya wuce gona, amma ranar da aka haifi Vukota ya yi ta harba bindiga sama har harsashi ya ƙare. A da ni ma dariyar nake yi.

Shekara ashirin ke nan Vukota yana Jamus yana tuƙin babbar mota. Yakan zo a watan Agusta, ya yi iyo a teku, ya ci soye-soyen Mama da zuma, ya koma. Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ni na bar aikina a shagon takalma. Shekara goma sha ɗaya ina juya shi, ina yi masa aski, ina yi masa wanka yana kau da fuska bango don kunya. Gonar zaitun ɗinmu ma, bishiya ɗari da arba'in, ni na riƙe. Ni ke rage rassa, ni ke shimfiɗa raga lokacin tsinka, ni ke kai wa masu matsar mai. Na san wadda ke yin 'ya'ya duk shekara, na san wadda sai ta huta.

Baba ya rasu a watan Fabrairu. Ranar arba'in, mun dawo daga maƙabarta ana cin abinci, sai Baffa Milosav, ƙanen Baba, ya ajiye kofin giyarsa ya ce, "To, ranar Talata sai a je wurin lauya yarinyar nan ta sa hannu, a gama." Yarinya fa, ni da furfurata. Ba wanda ya ko kalle ni.

Mun je. Lauyar mace ce, ta karanta cewa ni da Mama da Vukota rabonmu ɗaya a doka. Mama ta yafe nata nan take. Da aka zo kaina sai lauyar ta ce, "Kin gane in kin yafe ba a dawowa?" Na riƙe biro, sai na ji bakina ya ce a ba ni lokaci. Ta ba ni wata guda. Muna fita Vukota ya ce, "Haba Yaya, so kike a yi min dariya a garin nan? Wace 'yar mutunci ce ke raba gidan ubanta da ɗan'uwanta?" Alhali na san ya riga ya yi magana da masu gina wa 'yan yawon buɗe ido gidaje. Sare bishiyoyin za su yi.

Tun ranar Mama ba ta cin abin da na dafa. Magana ɗaya ta yi min: "Na sa hannu a gidanmu, uwata ta sa, ke wace ce?" Ita kuwa, 'yan'uwanta maza sun sayar da komai ba su ba ta ko kujera ba. Mijina Radovan ya daina zuwa shagon kofi, wai ana tsokanarsa, "Radovan, ashe gona ka aura!" Ya ce in sa hannu mu huta. 'Yata Tijana kuwa cewa ta yi, "Mama, in kin sa hannu, kada ki sake ce min mace za ta iya zama komai."

Anti, ni ba 'yar zanga-zanga ba ce. In na ga mata a talabijin da kwalaye ranar takwas ga Maris, ranar mata ta duniya, cewa nake ba su da aiki, ga mata alƙalai, ga mata likitoci, me ya rage? Yanzu saura kwana tara. Ba na so in rasa uwata da ƙanena. Kwaɗayi ne ke damuna, kamar yadda suke faɗa?

Mai zaitun, daga saman Bar

*

Ƙanwata,

Allah ya ji ƙan Baba, ya saka miki jinyar da kika yi. Ba kwaɗayi ba ne. Abin da doka ta ba ki naki ne, ko da ba ki taɓa ɗaukar tsinke a gonar ba.

Wasiƙa irin taki nakan samu kusan kowane wata. Doka ta daɗe da daidaita mu da maza, amma a kan teburin cin abinci ake yanke hukunci tun kafin a isa ofis. Abin da ya rage ke nan, tunda kin tambaya.

Amma ki duba su ma. Vukota ba mugu ba ne, tun yana goye ake gaya masa gonar tasa ce. Mamanki kuwa, in ke kin ƙi kuma duniya ba ta tashi ba, dole ta tambayi kanta me ya sa ita ta yarda. Wannan tambayar da zafi ga tsohuwa mai takaba. Ki ci gaba da kai mata abinci, ko za ta bar shi ya huce.

Kada ki sa hannu a wannan zaman. Ki nemi ƙungiyar mata da ke ba da lauya kyauta, ki ji matsayinki daga bakin wanda ba danginku ba. Sannan ki zauna da Vukota ku biyu, ban da Baffa. Ki kawo masa tsari: ya ɗauki gida, ke ki riƙe bishiyoyi, a rubuta cewa Mama za ta zauna a ɗakinta har ƙarshen ranta. Radovan kuma ki gaya masa tsokanar shagon kofi ba ta wuce wata biyu. Kada ki yi don Tijana, kada ki fasa don Mama. Ke za ki zauna da abin da kika zaɓa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ko ta ina akwai asara. In kin ƙi, wasu dangi za su daina gaishe ki, wataƙila Vukota ya yi shekaru bai kira ba. In kin sa, za su yabe ki mako guda. Na san mata da yawa da 'yan'uwansu suka huce daga baya. Wadda aka mayar wa gonarta bayan ta yafe, ban taɓa ji ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sassauto da zuciyar Mama.

Anti Radojka